Kwas ɗin bazara na Italiyanci: Perugia ko Siena, kuma wata biyu zai ishi mutum ya yi ciniki?

Dan_Sharada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san Italiya. Ina aiki a wata majema a Kano, ɓangaren fitar da kaya waje. Yawancin masu sayen fatarmu 'yan Italiya ne, kuma duk maganar da za mu yi da su sai ta bi ta bakin tafinta ko dillali, in ba haka ba mu yi ta fama da Turancin da su bai zauna musu ba, mu ma haka. Maigidana ya yarda ya sake ni Yuli da Agusta, ya kuma ce zai ɗauki wani kaso na kuɗin in na samo makarantar kirki. Na ga akwai jami'o'i biyu da aka kafa musamman domin baƙi, ɗaya a Perugia ɗaya a Siena, kuma duk suna kwas na bazara. Tambayata ita ce, wanda ko gaisuwa bai iya ba, wata biyu zai kai shi ga zama ya yi ciniki da bakinsa? Wane gari ne ya fi? Sannan yaya Musulmi yake yi da abinci da salla a can?

Bazazzagiya:
Wa alaikumus salam Malam. Na yi kwas ɗin bazara a Perugia, bari in gaya maka abin da idona ya gani. Makarantar tsohuwa ce, tun 1921 aka fara koyar da baƙi a can, kuma babban gininta, Palazzo Gallenga, yana daf da wata ƙofar gari ta dutse da ta girmi mulkin Rumawa a garin. Da zuwanka za a yi maka jarrabawar tantance mataki, daga nan a sa ka ajin da ya dace da kai, tun daga A1 na 'yan farko har C2 na ƙwararru. Abin da za ka shirya wa zuciyarka shi ne, malama ba za ta yi maka Turanci ba ko da a A1 ne. Za ta nuna da hannu, ta zana a allo, ta maimaita har sai ka kama, amma daga shiga har fita Italiyanci ne. Dole ce ma ta sa, domin a ajinmu akwai 'yan China, akwai Balaraben Libiya, akwai 'yar Brazil, har da wani dattijo Bajamushe da ya yi ritaya. Ba mu da harshen da ya haɗa mu sai wanda muka zo koyo.

Yanzu ka yi lissafi da kanka. Darasi kimanin awa 20 ne a mako, wata biyu ke nan awa 160 ko kusa da haka. Wanda ya fara daga sifiri, in ya dage, zai gama A1 ya taɓa A2. Wannan zai ishe ka ka gaisa, ka yanki tikitin jirgi, ka tambayi hanya, ka faɗi sana'arka. Amma a ce ka zauna ka yi jayayya da mutum kan ingancin kaya da ranar biyan kuɗi, gaskiya bai kai ba.

Alhaji_Majema:
'Yata Bazazzagiya, na ji bayaninki kuma akwai gaskiya a ciki, amma ina ganin kin auna abin da ma'aunin 'yan makaranta. Na daɗe a harkar nan, na sha zuwa baje kolin fata na Lineapelle da ake yi a Milan, na kuma shiga majemun Santa Croce sull'Arno da ke lardin Pisa. Maganar cinikin fata ba faɗi gare ta ba. Lamba ce, da launi, da kauri, da daraja ta ɗaya ko ta biyu, da faɗin fatar ƙafa nawa ne a awo, da yaushe kwantena za ta tashi. In yaron nan ya riƙe ƙidaya da kyau ya san sunayen aibin fata, irin tabon wuƙar fiɗa da cizon kaska da ƙarzuwar ƙaya, ya riga ya ci rabin aikin. Sauran rabin kuwa yarda ce. Mutanen nan yawancinsu sana'ar gado suke yi kamar mu, uba ya bar wa ɗa. Ranar da ka gaishe da mai majema da harshensa, ka tambayi lafiyar iyalinsa, ka zauna ka sha kofi da shi ba tare da wani a tsakaninku ba, ranar ce zai fara kallonka a matsayin abokin hulɗa. Ka je, ɗana. Ko A2 ɗin ne, za ka ga amfaninsa.

Bazazzagiya:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ban ce kada ya je ba. Tsorona kada ya dawo maigidansa ya sallami tafinta yana zaton an gama, sannan a kawo takardar yarjejeniya ya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba.

Alhaji_Majema:
A nan kam muna tare. Takarda sai lauya, ko da a Hausa aka rubuta ta.

Dogo_Napoli:
Ni dai a ganina asarar kuɗi ce. Ina zaune a ƙasar nan shekara da shekaru, ban taɓa shiga jami'a ba, amma yau duk inda ka jefa ni zan yi magana. A kasuwa na koya, a wajen aiki, a cikin bas. Kuma in ma aji kake so, gwamnati tana da makarantun manya da ake kira CPIA, kusan kyauta ake koyar da baƙi. Me zai sa mutum ya kwashi Yuro ya kai Perugia?

Sarkin_Takardu:
Dogo, CPIA ta mazauna ƙasa ce, waɗanda ke da takardar zama. Mutumin da ke Kano ba zai nemi biza da sunanta ba. Kuma kai shekaru ka ɗauka, shi wata biyu gare shi.

Yar_Damagaram:
Salamu alaikum. Ni Siena na yi, kuma ina ba da shawararta, musamman ga mai harkar fata, tunda tana cikin yankin Toscana, yanki ɗaya da majemun da Alhaji ya ambata. Tun 1917 ake koyar da baƙi Italiyanci a garin. Ginin jami'ar na yanzu yana gaban tashar jirgin ƙasa, tsohon gari kuma yana kan tudu, akwai matakala mai tafiya da kanta da ke hawa da mutane. Gari ne ƙarami, cikin 'yan kwanaki mai sayar da burodi zai gane fuskarka, kuma wannan yana taimakawa ƙwarai, domin shi zai riƙa jan ka da hira kullum.

Mu na Nijar da muka yi lakkwal da Faransanci mun samu sauƙi, gaskiya. Kalmomi da yawa tushensu ɗaya, tsarin aikatau ma ya yi kama. An sa ni A2 kai tsaye alhali ban taɓa karanta harshen a aji ba. Amma sauƙin yana da tarko, sai ka riƙa ɗauko kalmar Faransanci ka liƙa mata wasali a ƙarshe kana zaton ka yi daidai. Malaminmu ya sha tsayar da ni a kan haka.

In ka zo a Yuli ko Agusta za ka tarar da Palio, sukuwar dawaki da ake yi ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta a dandalin Piazza del Campo. Unguwanni 17 ne a garin, 10 ke shiga kowace sukuwa, ana hawa ba sirdi, a zagaya dandalin sau uku. Kafin nan akwai jerin gwano da tutoci da ganguna da tufafin da, kowace unguwa da launinta. Ranar sai da na tuna hawan Salla a ƙofar fada, yadda kowane hakimi ke fitowa da jama'arsa. A makon nan ba a wata magana a garin sai ta doki, kuma na koyi kalmomi a bakin tsofaffin mata fiye da abin da na koya a aji.

Dogo_Napoli:
To kin gani, ke da kanki kin ce a waje kika fi koyo.

Yar_Damagaram:
Yaya Dogo, ai da ban yi aji da safe ba, da ba zan gane abin da tsofaffin ke faɗa da yamma ba. Surutu kawai zan riƙa ji.

Malam_Nahawu:
Ina koyar da ilimin harsuna, kuma na ɗan taɓa Italiyanci, bari in ƙarfafa wa Dan_Sharada gwiwa ta wata fuskar. Bahaushe yana shiga harshen nan da jarin da Baturen Ingila ba shi da shi. Italiyanci yana bambanta baƙi mai ɗauri da mara ɗauri, sete ƙishirwa ce, sette kuma bakwai. Turawan Ingila da Amurka suna shan wuya a nan, mu kuwa da muka tashi da bambancin baba da babba, daba da dabba, kunnenmu ya riga ya saba. Haka r ɗinsu mai kaɗawa, muna da ita. Wasulan da ake rubutawa biyar ne irin namu, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake karantawa. Ga jinsi: suna namiji ne ko mace, kuma yawancin masu ƙarewa da a mata ne, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu ko kaɗan.

Inda za ka yi gumi shi ne p da f, da kuma v da b. Harshenmu bai raba su ba, su kuwa sun raba, har ma'ana takan sauya. Ka fara horar da leɓɓanka tun kana gida. Sai aikatau, wanda ke sauya ƙarshensa ga kowane mai aikatawa da kowane lokaci, ga marasa bin ƙa'ida da sai hadda. Sannan akwai maganar ladabi: tu ta aboki ce da yaro, Lei ta babba da wanda ba ka saba da shi ba. Mai sayen kayanku Lei za ka ce masa har sai shi da kansa ya ce a sauke. Wannan ba zai yi wa wanda ya tashi yana ce wa manya ku wuya ba.

Game da zancen Dogo, ba ina rage masa ba ne, abin da ya yi ƙoƙari ne babba. Sai dai abin da ake ji a titin Napoli sau da yawa harshen Napoli ne ko gaurayensa da Italiyanci. Daidaitaccen harshen daga na Florence ya samo asali, kuma lokacin da ƙasar ta haɗe a 1861 'yan tsiraru ne ke magana da shi a gida. Makaranta da aikin soja da talabijin ne suka yaɗa shi daga baya. Mai son rubuta wasiƙar kasuwanci daidaitaccen yake buƙata.

Yar_Damagaram:
Malam, ko a Siena ma akwai nasu salon. Suna sassauta k idan ta faɗo tsakanin wasula har ta koma kamar h. A aji ba a yin haka, amma a kanti za ka ji.

Ummu_Sadiq:
Kowa ya tafi kan harshe, an bar tambayarsa ta abinci, alhali ita ce za ta fara samunsa tun daren farko. Mijina ya yi karatu a Italiya kuma na zauna tare da shi. Ɗan'uwa, alade yana cikin abincinsu sosai, musamman a tsakiyar ƙasar inda garuruwan nan biyu suke. Kada ka tsaya kan kalmar maiale, wato alade, kaɗai. Ka haddace prosciutto, pancetta, guanciale, salame, lardo, da strutto. Wannan na ƙarshen kitsen alade ne da akan sa a wasu burodi da kayan fulawa, ba za ka gan shi da ido ba sai ka karanta jikin leda ko ka tambaya. Taliyar carbonara da amatriciana duk da naman alade ake yin su. Shinkafarsu ta risotto kuma galibi akan zuba mata giya wajen dahuwa, wasu ma suna sa barasa a tiramisù. Ka tambaya, ba sa jin haushi, sun saba da masu cewa ba sa cin kaza ko kaza.

Abin da ya rage maka yana da yawa: taliya da tumatir, pizza margherita, kifi, wake, ganye, cuku, 'ya'yan itace masu kyau a lokacin zafi. Akwai mahautan halal, yawanci na 'yan Maroko ko Pakistan ko Bangladesh, sau da yawa a kusa da tashar jirgi. Ka tafi da yajinka da kuka da kuɓewa busasshiya, amma kada ka ɗauki kilishi, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama, za a karɓe a filin jirgi.

Ustaz_Mai_Allo:
Ƙari a kan na Ummu Sadiq. Perugia tana da tsohon tarihi da ɗalibai Musulmi, a can aka kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Italiya a 1971, saboda yawan Larabawan da ke zuwa koyon harshe kafin su wuce sauran jami'o'i. Don haka wurin Juma'a ba zai gagare ka ba. A lardin Siena akwai masallaci ginanne a garin Colle di Val d'Elsa. Babban masallacin Roma kuma an buɗe shi a 1995, ka yi ƙoƙari ka ziyarce shi in ka sauka ta can. Abin da zai ba ka mamaki shi ne lokaci. A farkon Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara saura, isha'i ta kai kusan sha ɗaya, asuba kuma tun kafin ƙarfe huɗu. Ga aji da safe. Sai ka tsara barcin rana, in ba haka ba za ka riƙa gyangyaɗi a gaban malama.

Bazazzagiya:
Gaskiya ne Ustaz. Ranar Juma'a nakan ga 'yan'uwa maza suna gaya wa malami tun da safe cewa za su fita da wuri, ban taɓa ganin an hana kowa ba.

Sarkin_Takardu:
Bari mu zo kan biza, domin in ba ta fito ba duk wannan hira ce. Zaman da bai wuce kwana 90 ba bizar Schengen ce ta gajeren zama, nau'in C, da dalilin karatu. Wanda ya wuce haka sai nau'in D, kuma mai ita dole ya nemi takardar zama cikin kwana 8 na aiki da shigarsa. Kai wata biyu za ka yi, C ce taka. Za a nemi takardar da ke nuna makaranta ta karɓe ka, shaidar masauki, bayanan asusun banki, tikitin zuwa da dawowa, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Italiya tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, na Nijar kuma akwai a Yamai.

Abin da ya fi nauyi a wurin mai duba takardu shi ne, mutumin nan zai dawo? Kai kana da hujja mai ƙarfi. Ka sa kamfaninku ya rubuta wasiƙa mai bayyana aikinka, da cewa su suka tura ka, da ranar da za ka koma bakin aiki. In da hali, ɗaya daga cikin masu sayen kayanku ya rubuto cewa ya san ka. Ka fara da wuri, ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma lokacin zafi layi yana tsawo. Ka kuma sani bizar C ba ta ba ka izinin aiki.

Gambo_Fagge:
Don Allah a kiyayi 'yan tsakiya. Wani ya karɓi kuɗin ƙanina da sunan zai samo masa gurbi a makarantar harshe, ya kawo takarda mai tambari da sa hannu, ashe ta bogi ce. Kuɗin ya tafi, kuma sunan yaron ya ɓaci. Jami'o'in nan suna da shafinsu na intanet, kai da kanka za ka cike, ka biya a asusunsu.

Bakin_Ganga:
Ni duk wannan zancen ban yarda da shi ba. Yau a ce kwas ɗin bazara, gobe yaro ya yar da fasfo ya ɓace. Mun ga yadda hanyar Agadez zuwa Libiya ta cinye 'ya'yan mutane, duk da sunan Italiya. Ku daina kwaɗaita wa matasa ƙasar nan.

Dan_Sharada:
Yaya Bakin_Ganga, na fahimci damuwarka, ni ma akwai ɗan unguwarmu da har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Amma ni ina da mata da 'ya'ya da aikin da nake so a Kano. Zan je ne in koyo abin da zai ƙarfafa aikin.

Dogo_Napoli:
A nan kam zan goyi bayan Bakin_Ganga ta wani ɓangare. Duk wanda ke karanta wannan yana tunanin ya shigo da bizar wata biyu ya maƙale, ya ji daga bakina, rayuwar mara takarda a nan ba rayuwa ba ce. Gonar tumatir ce cikin rana, da kwana a kango, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kuma ko ka samu takarda daga baya, harshen zai tare ka a gaba: takardar zama ta dindindin sai da shaidar A2, zama ɗan ƙasa kuma tun ƙarshen 2018 sai da B1.

Inter_Har_Abada:
Wannan B1 ɗin ba ita ce ta jawo maganar ɗan ƙwallon nan Luis Suárez ba? A 2020 lokacin da Juventus ke nemansa, ya je Perugia ya yi jarrabawar cikin 'yan mintuna, daga baya masu bincike suka ce an riga an ba shi tambayoyin. Yaya za a yarda da satifiket ɗin irin wannan wuri?

Bazazzagiya:
Abin ya faru, a watan Satumba na 2020, kuma shugabar jami'ar ta sauka daga muƙaminta a kan haka. Ya yi mana zafi mu da muka yi karatu a can, domin mun san irin wahalar da talakan ɗalibi ke sha kafin ya ci jarrabawa. Amma malaman da suka koyar da ni ba su da hannu a ciki, kuma shaidar CELI ta Perugia har yanzu hukuma tana karɓarta, kamar CILS ta Siena, da PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri, da ta jami'ar Roma Tre. Ka lura kuma, Dan_Sharada, takardar halartar kwas daban, waɗannan daban. Su jarrabawa ce mai zaman kanta, da ranakunta da kuɗinta.

Aminu_Garwa:
Gaisuwa daga Kamaru. A nan ɗalibanmu da yawa suna tafiya jami'o'in Italiya, har ana koyar da harshen a jami'ar Dschang. Tsarin da suke bi shi ne su yi watanni suna karatu a gida, su ci B2 da ake nema ga mai shiga digirin da ake koyarwa da Italiyanci, sannan su tafi. Shawarata ga ɗan'uwa ita ce ya ɗauki rabin wannan dabarar. Kada ka kai A1 ɗinka Italiya. Haruffa, ƙidaya, gaisuwa, aikatau na yanzu, duk za ka iya yinsu a Kano da littafi da waya da malamin intanet. In ka sauka da A1 a hannu aka sa ka A2, wata biyun nan zai iya kai ka bakin B1, kuma a nan ne hira ta gaske ke farawa. Kowace awa a can da Yuro ka saye ta, bai kamata ka kashe ta wajen koyon ɗaya biyu uku ba.

Malam_Nahawu:
Wannan ita ce magana mafi amfani da aka faɗa tun da aka fara.

Hajiya_Ohio:
Ina so in ƙara abu ɗaya da ba a taɓo sosai ba, wato wa za ka zauna da shi. 'Yata ta bi shirin jami'arsu ta nan Amurka zuwa Florence, aka sauke su gida ɗaya su 'yan Amurka zalla. Aji da Italiyanci, gida da Turanci, yawo da Turanci, masu kanti ma da sun ga baƙo sai su juya Turanci saboda yawan 'yan yawon buɗe ido. Ta ji daɗin tafiyar amma harshen bai zauna ba. Akwai wata kwaleji a nan, Middlebury, da ke sa ɗaliban bazara su sa hannu a kan alƙawarin ba za su yi wani harshe ba sai wanda suke koyo har kwas ya ƙare. Ka ɗaukar wa kanka irin wannan alƙawarin. Ka nemi ɗaki a gidan iyali 'yan ƙasa, ko tare da ɗalibai Italiyawa. Za ka haɗu da 'yan Najeriya a can, ka gaishe su da mutunci, amma kada ka tare a wurinsu.

Ummu_Sadiq:
Hajiya, zaman gidan iyali yana da kyau amma a faɗa musu komai tun kafin a zo. Ba na cin alade, ba na shan giya, ina tashi da asuba, ina buƙatar ruwa a banɗaki. Wasu gidajen kuma akwai kare a cikin ɗaki, wannan ma a tambaya. Wata tsohuwa da muka yi maƙwabtaka da ita har tukunya daban ta ware saboda mu in ta gayyace mu cin abinci.

Alhaji_Majema:
Na dawo ne saboda wani abu da ya faɗo mini. Ɗana, ka ce Yuli da Agusta? Agusta wata ne da Italiya ke rufewa. Ranar 15 ga wata suna hutun Ferragosto, kuma masana'antu da yawa sukan kulle na makonni a kewayen ranar, kowa ya tafi bakin teku ko kan dutse. In niyyarka ka riƙa leƙa majemu bayan aji, a Agusta ƙofa za ka tarar a garƙame. Baje kolin Milan kuwa na ƙarshen shekara a Satumba yake. Da ni ne, Agusta da Satumba zan nema: ka yi karatunka lokacin da suke hutu, su dawo ka riga ka fara buɗe baki, ka rufe da baje kolin. Duk yana cikin kwana 90.

Dan_Sharada:
Baba Alhaji, wallahi wannan bai zo mini a rai ba. Yuni dai ba zai yiwu ba, bayan Babbar Salla fata ke shigowa da yawa, ba mai motsawa daga majema. Zan kai wa maigida maganar Satumba. Na gode ƙwarai.

Bazazzagiya:
In ka koma Agusta da Satumba za ka rasa Umbria Jazz da ake yi a Perugia cikin Yuli, amma ba asara ba ce gare ka, lokacin gari yakan cika, hayaniya har tsakar dare a Corso Vannucci. Ni har yanzu Perugia nake ba ka shawara. Ta fi Siena girma, ɗalibai sun fi yawa, Musulmi sun fi yawa. Ka dai shirya ƙafarka, gari ne na hawa da gangara, ko da yake akwai ƙaramin jirgi mara direba, Minimetrò, da ke hawa da mutane daga ƙasa zuwa tsakiyar gari.

Yar_Damagaram:
Anti, daga Siena zai fi saurin kaiwa Santa Croce, jirgi ne zuwa Empoli sannan ya canza. Daga Perugia tafiyar ta fi haka nisa sosai. Tunda fata ce ta kai shi, ni ban ga dalilin nisantar majema ba.

Dogo_Napoli:
Ku dai ku yi ta ja. Ni abin da na sani, duk garin da ya je, in ya ji kunyar yin kuskure a gaban mutane zai dawo yadda ya tafi. In ka sauka ka neme ni ta akwatin saƙo, zan riƙa kiranka muna hira da Italiyanci, ba Hausa.

Dan_Sharada:
Na karɓa Yaya Dogo, Allah ya bar zumunci. Na riga na samu malamin da zan fara A1 da shi daga makon gobe, kamar yadda Malam Aminu ya ce. Na kuma rubuta wa makarantun biyu ina tambayar ranakun fara kwas na Agusta da yadda ake samun gidan iyali. Wadda amsarta ta fi gamsar da ni zan kawo muku nan mu duba tare. Malam_Nahawu, akwai wata dabara ta raba p da f da zan riƙa yi a gida?

Malam_Nahawu:
Akwai. Ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka ka tsaya gaban madubi. A p leɓɓa biyu ke haɗuwa su buɗe lokaci guda, a f kuwa haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa iska ta riƙa fita a hankali. Ka fara da pelle, wato fata, tunda ita za ka fi faɗa a wajen aiki, kana ɗaukar muryarka a waya kana saurare.

Yar_Damagaram:
In Siena ka zaɓa, ka kama ɗaki tun yanzu. Sukuwar 16 ga Agusta tana cika garin, masauki yakan yi wuya kuma ya yi tsada a makon.